Akwatin Warhammer 40,000 a kan teburin yanka: inci 3 da suka sa shayinmu ya huce

Ni tela ne, shagona yana unguwar Zariya a nan Maradi, kuma wanda ya san tela ya san ba ma wasa da awo. Rabin santimita a wuyan riga ya isa mai kaya ya dawo maka da ita daren jajibirin salla. Shi ya sa ranar da taubashina ya zo hutu daga Faransa ya dire mini wani ƙaton akwati a kan teburin yanka, ya ce, "Ga wasan da ya dace da kai, tunda kai ko tuwo sai ka auna kafin ka kai baki," na ɗauka tsiyar da muka saba ce. Ashe da gaske yake. Yanzu akwatin ya kusa shekara a hannuna, mun buga shi har gefen littafin ya yi baƙi, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Sunan wasan Warhammer 40,000, na kamfanin Games Workshop da ke birnin Notingam a Ingila. Tun 1987 ake buga shi, kuma dokokin da ke cikin akwatina su ne bugu na 10, wanda ya fito a 2023. Akwatin shi ne babba cikin na masu fara koyo, wanda suke kira Ultimate Starter Set. Sojojin roba 44 ne a ciki, kowane bai wuce ɗan yatsa ba sai ƴan ƙalilan: 12 na rundunar Space Marines, 32 na Tyranids, wasu halittu masu kama da ƙwari da suka ci suka ƙoshi. Akwai kuma kangayen roba da ake jerawa a fili, da shimfiɗar da ake wasa a kai, da ƴaƴan jifa masu fuska shida irin na ludo, da abin awo, da littafin dokoki. Nawa da Faransanci ya zo.

Mu a shago ba ma wahalar da harshe. Biyar na Space Marines masu kaurin sulke, ƴan lifida muke ce musu. Ƙananan ƙwarin guda 20, fari. Biyar na Tyranids masu harbi daga nesa, masu igwa. Alamomin da ake ajiyewa a fili ana kokawar riƙe su don samun maki kuwa, turaku.

Aikin robar ya burge ni, kuma ni ba mai saurin yabon aikin hannun wani ba ne. A jikin firam suke zuwa, sai ka yanke gaɓa-gaɓa ka haɗa, kuma an yi su yadda za su shige juna ba sai da gam ba. Da abin yanke farce da reza na yi aikin, dare huɗu bayan isha'i, yaron shagona yana miƙo mini kai da hannu kamar muna haɗa keken ɗinki. Har layin ɗinkin jakar da ke ƙugun soja ana gani. Babu fenti a jikinsu, wannan aikinka ne. Filin ƙaramin wasa inci 44 ne a tsaye, 30 a kwance, wato kusan santimita 112 da 76, kuma teburin yankana ya ɗauke shi har da ragowar wurin ajiye kofin shayi. Komai na wasan da inci ake auna shi. Abokin karawata malamin makaranta ne, Mushe muke ce masa, shi da santimita ya tashi, sai da ya yi kwanaki yana lissafi a ka. Ni kuwa tef ɗina fuska biyu gare shi, kuma masu kawo ɗinki daga Jibiya da Katsina sun daɗe da koya mini inci.

Tsarin wasan bai ba mu wuya ba. Zagaye biyar ne, a kowane zagaye kowa yana da nasa juyi, kuma juyin kashi biyar ne a jere: umarni, tafiya, harbi, kai farmaki, sai faɗan gaba da gaba. Cikin mako biyu mun riƙe wannan. Inda muka yi karo shi ne ƙarshen kashi na biyar, bayan an gama sara, an kwashe gawarwaki, soja yana tsaye yana jiran a ce masa ga inda zai taka. Littafin ya ba shi inci 3. Mushe yana kiran abin kwansolidasiyo kamar yadda yake a rubuce, ni ina ce masa gyara tsayuwa.

Ga yadda ta faru. Wani daren Alhamis cikin hunturu, ƴan lifidana biyar suka afka wa fari goma suka share su tas. Ba ko ɗaya da ya rage. Masu igwan Mushe suna can baya, inci 6 daga sojana mafi kusa da su, kuma na san juyinsa na zuwa za su yi mini ruwan wuta. A gefen hagu akwai kango. Sai na ɗauki tef, na auna inci 3, na fara tura mutanena bayan bango ɗaya bayan ɗaya.

Mushe ya riƙe mini hannu. "Maigida, ina za ka da su?"

Na ce, "Inci ukuna ne, na ci faɗa, in kai su inda na ga dama."

Ya ce, "Wanga ba gonar tsohonka ba ce. Wajen abokin gaba mafi kusa za su matsa, ko ka so ko ka ƙi. Matso da su nan su sha harbi."

Muka yi ta ja. Shi yana cewa ya gani da idonsa a bidiyon YouTube, ni ina cewa wane irin soja ne zai ci yaƙi sannan a hana shi neman mafaka. Shayin da yaro ya zuba mana zagaye na biyu ya huce a kofi, kuma a wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mushe ya buɗe littafin, ya karanta layin farko, ya ce ka ji. Ni ma na ce to ai ka ji, an ce ana iya matsawa har inci 3. Kowa ya tsinci abin da yake so a layi guda ya rufe littafi.

Ƙanena ne ya raba mu. Ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya biyo karɓar wandonsa da na yi masa alkawari tun makon jiya. Ya karɓi littafin ya ce, "Yaya, ku bari in karanta har ƙasa mana." Ya karanta a hankali yana fassara mana, sai ga shi ni da Mushe duk mun faɗi.

Dokar matakala ce mai hawa uku, kuma ba a tsallake hawa. Na farko, a duba ko gungun zai iya ƙare matsawarsa yana cikin tazarar gwabzawa da wani gungun abokan gaba. Tazarar nan inci 1 ce a kwance, 5 a sama in akwai wanda ya hau kango. In zai iya, to duk sojan da ka taɓa dole ya ƙare kusa da abokin gaban da ya fi kusa da shi fiye da yadda yake a da, kuma in faifan da yake tsaye a kai zai iya taɓa faifan abokin gaba, dole ya taɓa. Sojan da faifansa ya riga ya manne da na abokin gaba, ba ya motsi ko kaɗan. Sai in hawan farko ya gagara ake zuwa na biyu: a matsa wajen turken da ya fi kusa, da sharaɗin gungun ya ƙare cikin da'irar turken, wato inci 3 daga gare shi. In wannan ma ya gagara, hawa na uku shi ne ka tsaya inda kake, ko taku ɗaya babu. A duk hawan da ka bi, sahu ba ya tsinkewa: kowane soja ya kasance cikin inci 2 da wani ɗan'uwansa, in kuma gungun ya kai mutum 7 ko fiye, da ƴan'uwa biyu.

Muka sa tef. Masu igwa inci 6, in na matsa 3 saura 3, ban shiga inci 1 ba. Hawan farko ya rushe. Turke mafi kusa yana inci 8, in na matsa 3 saura 5, ban shiga da'ira ba. Na biyu ma ya rushe. Ƴan lifidana suka koma daidai inda suka yi faɗa, tsakiyar fili, ba bango ba inuwa. Mushe bai samu ya jawo su kusa ba, amma ya harbe su a inda suke, biyu suka faɗi. Ƙanena ya tafi da wandonsa ba tare da ya biya ba, ban kuma yi magana ba.

Daga baya muka gano Mushe ba ƙarya ya yi ba. Bidiyon da ya kalla na bugu na 9 ne, na 2020, kuma a can dokar ita ce ka matsa har inci 3 muddin ka ƙare kusa da abokin gaba mafi kusa, ko ka isa gare shi ko ba ka isa ba, maganar turke ma babu ita. Wanda zai koyi wasan nan ta intanet ya riƙa duba shekarar bidiyo kafin ya ɗaga murya a shagon mutane. Kamfanin ya saki ainihin dokokin bugu na 10 kyauta, ana sauke su a waya, kuma yana fitar da takardun ƙarin bayani a kan wuraren da ake gardama. Yanzu duk suna wayar Mushe.

Abin da ya sa nake ganin akwatin nan ya ci kuɗinsa, a nan yake. Da muka gane dokar, wasan ya sauya kama gaba ɗaya. A da muna jera sojoji yadda ido ya ga kyau, mu jefa ƴaƴan ludo, mai sa'a ya ci. Yanzu tun kafin in kai farmaki ina tambayar kaina, in na ci faɗan nan a ina zan tsinci kaina? Lissafin gajere ne. Inci 3 na matsawa da inci 1 na gwabzawa, 4 ke nan: duk gungun da ke cikin inci 4 da inda faɗa ya ƙare, ana iya kama shi. Inci 3 na matsawa da 3 na da'irar turke, 6 ke nan. Lambobi biyun nan su ke yawo a kaina kamar awon kafaɗa da tsawon hannu.

Na fara cin moriyar 4 ɗin nan makonni biyu bayan wancan dare. Mushe ya sake sa fari a gaba, masu igwa a baya, amma wannan karon inci 3 da rabi kawai ya bari tsakani. Na share farin, na matsa, sojana ɗaya ya tsaya rabin inci daga mai igwa na gefe. Shi ke nan, an kama su. Sojan ƙasa da ke cikin gwabzawa ba ya harba babbar bindigarsa, sai ƙaramar ta hannu in yana da ita. In Mushe yana so su fita sai su ja da baya a juyinsa, kuma gungun da ya ja da baya ba ya harbi, ba ya kai farmaki a wannan juyin. Ban kashe ko ɗaya cikinsu ba, amma na rufe musu baki na zagaye guda. Murna ta sa na tashi tsaye ina gyara hula.

Sai Mushe ya ce, "Zauna, maigida, ba a gama ba." Ya ɗauki ƴaƴan ludo. Gungun da ka matsa ka shiga jikinsa, in bai riga ya yi faɗa a wannan kashin ba, ya samu damar sara ke nan, kai kuwa ka riga ka yi naka. Masu igwa ba gwanayen faɗan kusa ba ne, suka ɗan yaƙushi sulke suka bari. Amma ranar da na maimaita dabarar ba tunani na shige jikin babban dodon nan nasa, sai da na raina kaina. Na kai masa abinci har baki, a juyina, da hannuna. Dokar ba ta tilasta maka matsawa ba, cewa ta yi kana iya yi, don haka da na tsaya inda nake da ban rasa kowa ba.

Akwai wata ƴar gardama da ta biyo baya wadda ta fi ta farko daɗi, don a lokacin kowa ya san littafi. Na share wani gungu, ga abokin gaba inci 3 a dama, ga turke inci 4 a hagu, ni kuma maki nake nema. Na ce zan tafi turke. Mushe ya ce babu hanya, hawa na biyu ba ya buɗewa sai na farko ya gagara, kuma ga shi bai gagara ba. Zaɓina biyu ne, in shiga jikin abokin gaba ko in tsaya. Na karanta, na sake karantawa, gaskiyarsa ce. Tun daga ranar ya mayar da abin makami: da gangan yake ajiye wani ɗan gungu cikin inci 4 da inda ya san zan yi faɗa, don kawai ya toshe mini hanyar turke. In kuma masu igwa yake karewa, inci 4 da ɗan ɗoriya yake bari, yana aunawa yana murmushi. Turke kuwa ba a riƙe shi da ƙarfin sara. Kowane soja yana da lambar riƙo a takardarsa, ɗan lifida 1, fara 2, a tara na waɗanda ke cikin da'ira, mai rinjaye ya riƙe. Fari uku sun fi ƴan lifida biyar a wajen turke. Abin haushi, amma haka yake.

Tsofaffin da ke buga dara a gindin bedi kusa da shagona sun fi kowa saurin gane wannan. Wani baba cikinsu ya leƙo wata rana ya tsaya kallo, da farko yana tambaya ko caca muke yi tunda ya ga ana jifa. Na ce ko dala ba a sawa, Baba. Ya ga na ci faɗa na kuma rasa wasan, sai ya ce a dara ma yaro ne ke murnar ya jera uku ya ci ɗa, babba gurbin da ya bari a buɗe yake kallo. Ya koma wajen ƴaƴansa 12 da gurabunsa 30, ya ce namu kayan sun yi yawa.

Maganar awo, a nan sana'ata ta yi rana. Ana aunawa ne daga bakin faifai zuwa bakin faifai, inda suka fi kusa, ba daga kan soja ko bakin bindigarsa ba. Tef ɗin tela yana lanƙwasa, tsoho ma yana miƙewa, kuma gardamar rabin inci ba ta ƙarewa da abin da ke lanƙwasa. Sai na samu kwali mai tauri na yanka ɗan ma'auni mai gefe huɗu, gefe ɗaya inci 1, ɗaya 2, ɗaya 3, na yanka wani daban mai inci 4. Inci 3 santimita 7.62 ne, na auna da ƙarfen awo sau biyu kafin in sa almakashi. Muka kuma yi yarjejeniya: kafin kowa ya taɓa soja bayan faɗa, a auna tare, a faɗi hawan da ake kai da baki, sannan a matsa. Soja in ya riga ya tashi daga wurinsa, ba mai iya rantsuwa a kan inda yake a da. Rabin rigimarmu ta farko daga nan ta fito.

Ja da baya ma yana da nasa ƙa'ida, amma bai ba mu wahala ba. In hanyar fita sai an ratsa ta kan abokan gaba, ko gungun ya riga ya firgita, ana jefa wa soja ɗan ludo, in 1 ko 2 ta fito an rasa mutum. Wannan ya sa kewaye abokin gaba da matsawar bayan faɗa yake da riba, in dai sahunka bai tsinke ba.

Abin da zan gaya wa mai sha'awa a nan garin: kayan ba na araha ba ne, kuma ni ban ga inda ake sayar da su a kasuwarmu ba, sai dai a yi saƙo wajen mai zuwa daga waje. Littafin yana son mai Faransanci ko Ingilishi a kusa, mai haƙurin karanta sakin layi har ƙarshensa. Fenti a bazarar Maradi yana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai shi jikin soja, don haka da asuba nake yi, ina ɗiga ruwa, kuma har yau fari takwas suna nan tsirara. Ƙurar hunturu tana shiga kowane lungu na sulke, sai na ɗinka wa akwatin riga da ragowar shadda. In an ɗauke kuran, fitilar waya ba ta isa a ga rabin inci, gara a ɗaga wasan. Daga tsakiyar azumi zuwa salla kuwa teburin na masu kaya ne, ko Mushe ya san ba ya leƙowa.

Wanda yake son abin da zai buɗe ya buga cikin minti goma, ludo na nan. Wanda kuma yake jin daɗin awo da gardamar da littafi ke iya rabawa, kuma yana da aboki ɗaya da zai riƙa dawowa duk mako, akwatin nan zai riƙe su shekara ba su gaji ba, don rundunonin biyu sun ishi juna. Ni dai na riga na aika wa taubashina saƙo cewa in zai zo bana ya taho mini da ƙarin ƴan lifida biyar. Ya ce sai na ɗinka masa manyan kaya kala biyu kyauta, har da aiki a wuya. Na ce ya turo awonsa, da inci.